Bitar binciken barci: yadda ake rarrabe aya da tsakuwa

A shekarar 2017 mujallar likitoci ta JAMA da ke Amurka ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 10 da aka yi a kan mutum 7,266 masu ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Sakamakon ya nuna cewa na'urorin da ke hura wa mai barci iska ta hanci, galibinsu irin da ake kira CPAP, ba su rage bugun zuciya ba, ba su rage shanyewar ɓarin jiki ba, ba su kuma rage mutuwa ba. Bayan shekara shida, a 2023, ita dai wannan mujallar ta sake buga wani nazarin a kan mutum 4,186, kafafen labarai suka yayata shi da cewa wanda yake kwana da na'urar awa 4 ko fiye, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki ya ragu masa da kusan kashi 31 cikin 100. Duka biyun masana ne suka rubuta su, har ma wasu gwaje-gwajen da ke cikin na farko su ne a cikin na biyu. To magidancin da iyalinsa suka gaji da minsharinsa, likita ya ce ya nemi na'ura mai tsada, wanne zai kama?

Amsar tana cikin yadda aka haɗa kowane nazari, kuma akwai sanannun ma'aunai da ake auna hakan da su.

Mene ne bita mai tsari

Babu likitan da zai iya karanta duk abin da ake bugawa kan barci, shi ya sa ake yin bita. Iri biyu ce. Akwai wadda gwani zai zauna ya zaɓo binciken da ya sani ya yi sharhi a kai. Tana da amfani wajen karatu, sai dai ba wanda ya san abin da ya tsallake da dalilin tsallakewar. Akwai kuma bita mai tsari, wadda ake bi daki-daki yadda wani zai iya maimaita ta ya ga ko zai samu abin da aka samu.

Ana fara ta da tambaya mai iyaka: su wane ne marasa lafiyar, wane magani, a kwatanta shi da me, kuma wane sakamako za a duba. Sai a rubuta tsarin aikin a yi masa rajista tun kafin a fara, yawanci a rumbun PROSPERO da Jami'ar York ta Ingila ta buɗe a 2011. Daga nan a bincika rumbunan bayanai irin su PubMed da Embase da na ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993 domin wannan aikin. Mutum biyu ne ke tace abin da aka samo, kowa shi kaɗai, sannan su haɗa su warware inda suka saɓa. A kowane gwajin da ya tsallake tacewa ana duba yadda aka raba mutane rukuni-rukuni, ko da ƙuri'a aka yi, ko marasa lafiya da masu auna su sun san wa ya sha magani wa ya sha ƙwayar wofi (wato wadda babu magani a cikinta), da kuma mutum nawa ne suka zame kafin a gama.

Mataki na ƙarshe, idan gwaje-gwajen sun yi kama da juna, shi ne haɗa alƙalumansu a fitar da adadi guda, abin da masu fannin ke kira meta-analisis. Ba matsakaici ne na kai tsaye ba: babban gwaji ya fi ƙarami nauyi a lissafin. Adadin kuma yana zuwa da tazarar tabbas, wato daga ina zuwa ina ake kyautata zaton gaskiyar take. Idan tazarar ta haɗa da “babu bambanci”, ba a tabbatar da amfanin ba.

Wannan aiki ba ya buƙatar marar lafiya ko gadon asibiti. Kwamfuta da intanet sun isa, manhajar lissafin ma kyauta ce, ga shi takardar da aka buga tana taimakawa wajen ƙarin girma a jami'a. Hakan ya sa bitoci suka yi yawa. A 2016 John Ioannidis na Jami'ar Stanford ya yi nazari a kan wannan ambaliyar, ya ce mafi yawansu ko dai maimaici ne, ko masu ɓatarwa, ko kuma akwai hannun masu sayar da magani a ciki.

Ma'aunai uku da ake yawan cakuɗawa

Sunaye uku ne mai karatu zai fi cin karo da su, kuma kowanne tambayarsa daban.

PRISMA, wadda ta fito a 2009 aka sabunta ta a 2020, jerin abubuwa 27 ne da ya kamata marubuci ya bayyana a takardarsa. Tana buƙatar a saka zanen nan mai akwatuna da kibiyoyi da ke nuna takardu nawa aka samo, nawa aka zubar, nawa suka rage. Idan marubuta suka ce “mun bi PRISMA”, abin da suke cewa kawai shi ne sun faɗi abin da suka yi. Mutum na iya yin aiki maras kyau ya kuma bayyana shi dalla-dalla.

AMSTAR 2, da aka buga a mujallar BMJ a 2017 don maye gurbin ta 2007, ita ce ke auna aikin kansa. Tambayoyinta 16 ne, amma bakwai ake ɗauka a matsayin ginshiƙai: an yi rajistar tsarin aiki kafin a fara, an bincika rumbu aƙalla biyu tare da faɗin kalmomin da aka nema da su, an lissafa gwaje-gwajen da aka karanta aka ƙi ɗauka, kowanne da dalilinsa, an auna raunin kowane gwaji da ma'aunin da ya dace, an yi lissafin haɗawa yadda ya kamata, an tuna da wannan raunin lokacin fassara sakamako, an kuma duba ko akwai gwaje-gwajen da aka yi aka ɓoye don sakamakonsu bai yi daɗi ba. Ba a tara maki. Bitar da ta faɗi ginshiƙi ɗaya amincinta ya zama ƙasa, wadda ta faɗi biyu ko fiye ya zama ƙasa ainun, ko da ta ci sauran tambayoyin duka. Matakin ƙoli na wadda ba ta faɗi ginshiƙi ko ɗaya ba ne, kuma ƙaramin rauninta bai wuce ɗaya ba.

Kowane ginshiƙi da ɓarnar da yake toshewa. Rajista tun farko, alal misali, tana hana abin da ya fi sauƙin faruwa a binciken rashin barci: gwaji ɗaya yana auna lokacin da barci ya ɗauke mutum, da farkawar tsakar dare, da jimillar awanni, da ingancin barci, kowanne ta bakin marar lafiya da kuma ta na'ura. Mai bita da bai ɗaure kansa da alkawari ba zai iya leƙa duka takwas ɗin, ya ɗauki wanda ya fi kyau, ya ce shi ne dama abin da ya fito nema. Batun ɓoye sakamako kuwa ana duba shi da wani zane mai siffar mazurari da aka kife: manyan gwaje-gwaje a sama, ƙanana a baje a ƙasa dama da hagu. Idan ɓangaren da ya kamata ƙananan gwaje-gwaje marasa nasara su zauna ya zama wayam, akwai alamar tambaya. Amma zanen ba ya faɗin komai idan gwaje-gwajen ba su kai 10 ba, kuma bitocin barci da yawa ba sa kai wannan adadin.

AMSTAR 2 ba ta tsira daga suka ba. A fannonin likitanci da dama, idan aka auna tarin bitoci da ita, galibinsu suna faɗawa matakin ƙasa ainun, sau da yawa saboda abu biyu: rashin rajista da rashin jerin gwaje-gwajen da aka ƙi. Masu suka suna cewa ma'aunin da ke jefa kusan kowa a kwando ɗaya ba ya taimaka wa likitan da ke neman wadda ta fi dama-dama, kuma bitocin da aka yi kafin PROSPERO ta samu ana hukunta su kan abin da bai zama al'ada ba a lokacinsu. Masu kare ta suna cewa waɗannan abubuwa biyu ba sa cin kuɗi, kuma su ne kaɗai hanyar da mai karatu zai gane ko an yi zaɓen son rai. Wasu sun fi son ROBIS, da Jami'ar Bristol ta jagoranci fitarwa a 2016, wadda ke ba mai aunawa damar yin hukunci da kansa, sai dai tana cin lokaci tana kuma buƙatar ƙwarewa.

Na uku, GRADE, ba bitar yake aunawa ba, hujjar da bitar ta tono yake aunawa. Matakansa huɗu ne, daga tabbaci mai ƙarfi zuwa mai rauni ainun. Gwajin ƙuri'a yana farawa daga sama, sai a riƙa sauko da shi saboda rauni a yadda aka yi shi, ko saɓani tsakanin gwaje-gwaje, ko bambancin waɗanda aka gwada da waɗanda za a yi wa magani, ko faɗin tazarar tabbas, ko zargin ɓoye sakamako. Ana iya samun bita da ta ci AMSTAR 2 cif-cif amma ta ƙare da cewa hujjar mai rauni ce, wannan kuwa alamar aikin kirki ce. Misali a fili shi ne jagorar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, AASM, ta fitar a 2017 kan magungunan rashin barci. Ta duba magunguna 14, ta yarda da takwas, ta ce a guji shida, ciki har da melatonin da trazodone da diphenhydramine, amma shawarwarin 14 duka ta sa musu alamar “mai rauni”.

Tarkunan da suka keɓanta ga barci

Ma'aunan nan uku an yi su ne don likitanci baki ɗaya. Akwai kurakuran da bitar barci za ta iya yi ba tare da ko ɗayansu ya kama ta ba, sai idan mai aunawa ya san fannin.

Na farko ma'anar ciwon ce kanta. Ana auna tsananin ɗaukewar numfashi da adadin da ake kira AHI, wato sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a kowace awa ta barci: 5 zuwa ƙasa da 15 mai sauƙi, 15 zuwa ƙasa da 30 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Tsayawar numfashi ba a jayayya a kanta, daƙiƙa 10 ce ko fiye. Raguwa ce ke da rikici. Ƙa'idar da AASM ta fifita a 2007 ta ce sai iska ta ragu da kashi 30 kuma iskar oksijin a jini ta sauka da maki 4. Ta 2012 ta ce maki 3 sun isa, ko ma ɗan firgitar ƙwaƙwalwa daga barci ba tare da saukar oksijin ba. A ƙaddara mutum ya yi barcin awa 6, numfashinsa ya tsaya sau 30, ya ragu sau 30 da saukar maki 4, ya kuma ragu sau 42 da saukar maki 3 ko firgita. A tsohuwar ƙa'ida AHI ɗinsa 10 ne, ciwo mai sauƙi. A sabuwa 17 ne, matsakaici. Dare ɗaya, mutum ɗaya. Bitar da ta haɗa gwaje-gwajen shekara ashirin ba tare da ta faɗi ƙa'idar da kowanne ya bi ba, ta zuba marasa lafiya iri-iri a tukunya ɗaya. Haka nan na'urar gwaji ta gida, wadda ba ta da wayoyin da ake mannawa a kai, ba ta san lokacin da mutum ya yi barci ba; tana raba lissafin da duk lokacin da take kunne, sai adadin ya fito ƙasa da gaskiya.

A nan akwai abin da ya shafi baƙar fata kai tsaye. Saukar oksijin ana auna ta ne da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun kwatanta ta da gwajin jini a majinyatan asibiti, suka ga a cikin waɗanda na'urar ta nuna 92 zuwa 96, kashi 11.7 na baƙaƙe ainihin oksijin ɗinsu bai kai 88 ba, a fararen fata kuwa kashi 3.6. A ɗakin jinya aka yi wannan, ba a ɗakin gwajin barci ba, amma irin na'urar ɗaya ce, don haka ya dace bita ta faɗi su wa aka gwada.

Tarko na biyu shi ne ɗaukar gyaruwar lamba a matsayin gyaruwar lafiya. Gwajin SERVE-HF da aka buga a 2015 ya ɗauki mutum 1,325 masu raunin zuciya da irin ɗaukewar numfashin da ƙwaƙwalwa ce ke daina ba da umarni. An ba rabinsu wata na'urar hura iska mai daidaita kanta, ASV. AHI ya sauka ƙwarai, kamar yadda ƙananan gwaje-gwajen baya suka nuna. Amma mutuwa ta ƙaru da kashi 28, mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 34. Duk bitar da ta tsaya kan AHI kafin wannan shekarar za ta yaba na'urar, lissafinta kuma daidai ne.

Na uku, girman amfanin. “An samu bambanci a lissafi” na nufin da wuya a ce sa'a ce kawai. Ba ya nufin bambancin ya kai a ji shi a jiki. Wata bita ta 2013 da ta haɗa gwaje-gwaje 19 da mutum 1,683 ta gano melatonin na sa barci ya zo da wuri da kimanin minti 7, ya kuma ƙaru da kimanin minti 8. Wannan sakamakon ake ambata a tallace-tallace da cewa “bincike ya tabbatar”, shi ne kuma irin wanda ya sa AASM ta ga bai kai ba. Wata ta 2012 a BMJ ta bi hanya mai kyau: maimakon ta dogara da abin da aka buga, ta ɗauko bayanan da kamfanoni suka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka, FDA, kan maganin barci na zolpidem da 'yan uwansa, gwaje-gwaje 13, mutum 4,378. Maganin ya fi ƙwayar wofi da kimanin minti 22 a gwajin na'ura, amma kusan rabin sauƙin da masu shan maganin suka samu, masu shan ƙwayar wofi ma sun samu. A rashin barci tsammanin samun sauƙi kansa yana kawo barci, saboda haka nazarin da ya kwatanta “kafin” da “bayan” ba tare da rukunin kwatance ba kullum zai zuzuta magani.

Wannan ya kai mu ga maganin da ba na sha ba, CBT-I, wanda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa a gaba da ƙwaya tun 2016. Zama huɗu zuwa takwas ne da mai koyarwa: a taƙaita lokacin kwanciya zuwa iya awannin da mutum ke barci da gaske, a tashi daga gado idan barci ya ƙi zuwa, a tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum, a gyara tunanin da ke hana runtsawa. Bitar 2015 ta gwaje-gwaje 20 da mutum 1,162 ta nuna barci na zuwa da wuri da minti 19, farkawar tsakar dare ta ragu da minti 26, jimillar barcin kuwa ba ta wani motsa ba. Matsalar aunawa ita ce ba a iya ɓoye wa mutum cewa ana koyar da shi, kuma gwaje-gwaje da yawa suna kwatanta shi da mutanen da aka ce su jira a layi, waɗanda ba su ko sami ƙwayar wofi ba. Wanda ya ɗora lambar CBT-I kusa da ta ƙwaya ya ce wannan ya fi wancan, bai auna su da mudu ɗaya ba. Abin da ya fifita CBT-I a jagorori shi ne amfaninsa na ɗorewa bayan an gama, kuma ba shi da illar ƙwaya.

Sai tsawon lokaci. Babbar bitar da mujallar Lancet ta buga a 2022 ta haɗa gwaje-gwaje 154 da mutum 44,089 kan magunguna 30. Adadi ne mai cika ido, amma galibin gwaje-gwajen na 'yan makonni ne, alhali masu rashin barci suna shan ƙwaya shekara da shekaru. Illar da ba ta cika faruwa ba ma ba ta bayyana a irin wannan. An amince da zolpidem a Amurka a 1992; sai a 2013 FDA ta rage wa mata adadinsa daga miligiram 10 zuwa 5 saboda yana kwana a jini har lokacin tuƙin safe, sai a 2019 ta sa gargaɗi mafi tsanani kan masu tafiya ko tuƙi cikin barci. Rahotannin da suka taru bayan maganin ya bazu ne suka jawo gargaɗin na biyu.

Komawa kan CPAP

Asalin fatan da aka sa wa CPAP kan zuciya ya fito ne daga binciken bin diddigi, musamman wanda aka yi a Zaragoza ta Sifen aka buga a 2005, inda aka bi maza kimanin shekara 10 aka ga masu ciwo mai tsanani da ba sa amfani da na'ura sun fi fuskantar ciwon zuciya. Ba ƙuri'a ce ta raba su ba. Su ne suka karɓa ko suka ƙi. Sai gwajin SAVE na 2016 ya raba mutum 2,717 da ƙuri'a, ya bi su kimanin shekara 3.7. Kashi 17 na masu na'ura sun gamu da matsalar zuciya ko jijiyoyin ƙwaƙwalwa, na marasa na'ura kashi 15.4. A lissafi, ba a tabbatar da bambanci ba. Shi ne ya fi kowane gwaji nauyi a bitar 2017.

Bitar 2023 ta ɗauki bayanan mutum ɗaya-ɗaya daga SAVE da ISAACC na Sifen da RICCADSA na Suwidin. Da ta kwatanta rukunan yadda ƙuri'a ta raba su, ita ma ba ta ga bambanci ba. Kashi 31 ɗin nan ya fito ne daga lissafi na biyu, wanda ya ware masu amfani da na'urar awa 4 ko fiye. Ashe bitocin biyu ba su saɓa ba. Kanun labarai ne suka ɗauki layi daban-daban.

Saɓanin gaskiya yana kan yadda za a ɗauki wannan lissafi na biyu. Ɓangare ɗaya na cewa a SAVE matsakaicin amfani da na'urar awa 3.3 ne a dare, ga shi ɗaukewar numfashi kan tsananta a barcin mafarki da ya fi yawa gab da asuba, lokacin da mutane da yawa sun riga sun cire abin rufe hancin. Sun ƙara da cewa an cire masu tsananin gyangyaɗi daga gwajin, domin bai dace a bar su shekaru ba magani ba, su ne kuwa aka fi zaton za su amfana. Ɗaya ɓangaren na cewa da zarar an ware masu biyayya, kariyar ƙuri'a ta tafi, domin mai kwana da na'ura kullum shi ne kuma mai shan maganin hawan jininsa a kan kari. Suna kafa hujja da wani tsohon gwajin maganin kitsen jini a Amurka, wanda rahotonsa na 1980 ya nuna a cikin masu shan ƙwayar wofi, waɗanda suka sha ta a kai a kai kashi 15 suka mutu cikin shekara biyar, waɗanda suka yi sakaci kashi 28. Ƙwayar ba ta da komai a ciki. Marubutan 2023 sun yi gyaran lissafi don rage wannan matsalar, sai dai gyara na iya kama abin da aka auna ne kawai.

Awa nawa ya kamata a yi barci

Bitar da aka fi ambata kan wannan ta fito a 2010, ta haɗa bincike 16 da mutum sama da miliyan 1.3, ta ce gajeren barci na tare da ƙarin haɗarin mutuwa da kashi 12, dogo da kashi 30. Duk binciken bin diddigi ne, kuma awannin daga bakin mutane aka ji su. Yawan mutanen yana matse tazarar tabbas, amma ba ya warware tambayar wanne ya jawo wanne: rashin lafiya kan sa mutum ya daɗe a kwance. Tambayar “awa nawa kake barci da dare” kuma an gina ta ne a kan mai barci sau ɗaya a miƙe. Wanda ke tashi sallar asuba ya koma, ya kuma yi ƙailula bayan azahar, amsarsa za ta jefa shi cikin masu gajeren barci ko da jimillarsa ta cika. Ma'aunin gyangyaɗi na Epworth, da Murray Johns ya fitar a Melbourne a 1991, shi ma yana tambayar yiwuwar gyangyaɗi a yanayi takwas da suka haɗa da karatu a zaune, kallon talabijin da tsayawar mota a cunkoso. Manomi ko mai tallan da ba ya shiga waɗannan yanayin zai samu maki kaɗan ba don ba ya gyangyaɗi ba. A GRADE wannan gibin shi ne bambancin waɗanda aka gwada da waɗanda za a yi wa magani, kuma kusan duk manyan gwaje-gwajen da aka ambata a nan a Turai, Amurka, Ostireliya da Asiya aka yi su.

Abin da hakan ke nufi ga mai karatu da marar lafiya

Ma'aikacin lafiya ko ɗan jaridar da bita ta shigo hannunsa zai iya gane abu da yawa cikin minti goma. Ya nemi lambar rajista, ya ga ko ranarta ta riga ranar fara bincike. Ya duba jadawalin gwaje-gwaje: mutum nawa, mako nawa, an kwatanta da me, wa ya biya kuɗin. Ya duba adadin da ake rubutawa I², mai nuna saɓanin gwaje-gwaje. Idan ya haura kashi 75 kuma marubuta ba su bi diddigin dalili ba, adadin da suka haɗa ba shi da ma'ana sosai. Ya nemi sakamakon da minti ko da yawan mutane cikin ɗari, sannan ya kwatanta kalaman taƙaitawa da matakin GRADE, domin a nan ne “mai rauni” kan rikiɗe ya koma “yana da tasiri”.

Ga mai shiga kemis ya sayi diazepam ko Lexotan ko Piriton don barci, abin lura shi ne hujjar da ke akwai kan ƙwayoyin barci ta 'yan makonni ce, su biyun farko kuma jiki na sabawa da su, barinsu farat ɗaya bayan daɗewa na iya jawo jijjiga, don haka a hannun likita ake rage su sannu a hankali. Melatonin da ake sayarwa a matsayin ƙarin abinci yana da nasa gibin: wani gwaji a Kanada a 2017 ya auna kayayyaki 31 ya ga abin da ke ciki ya kama daga kashi 83 ƙasa da abin da aka rubuta a kwalba zuwa kashi 478 sama da shi. Minti 7 ɗin da bita ta samu da adadin da aka auna daidai aka same su.

Shi kuwa mai minshari, tambayar da za ta yi masa amfani a gaban likita ita ce me ake son na'urar ta gyara masa. Idan kare zuciya ce kawai ga wanda ba ya gyangyaɗi, gwaje-gwajen ƙuri'a ba su nuna hakan ba, kuma inda wutar lantarki ba ta kwana, cika awa 4 sai da batir ko sola. Idan gyangyaɗin rana ne, hujjar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ko a SAVE minshari da gyangyaɗi sun ragu, yanayin rai ya gyaru, ranakun fashin aiki sun yi ƙasa. Direban tirela da barci ke fizga a kan sitiyari yana cikin irin mutanen da aka cire daga waɗannan gwaje-gwajen tun farko, saboda haka kanun labarin 2017 ba da shi yake ba.